Kwanon da Aka Tura Bayan Ƙofa

Makarantar jikar Kaka ta sa ranar abincin ƙasashen duniya, kowane yaro ya zo da girkin gidansu. Kaka ba mai zuwa taro ba ce, gwiwa ba ta barinta, amma ran nan ta daure, don ta ga wahalar da surukarta ta sha. Daga ƙasa mai nisa ɗanta ya auro yarinyar. Kwana da kwanaki ta yi tana tsima kabeji da gishiri, tafarnuwa da jan barkono a tulu, yadda uwarta ke yi a can.

Zauren ya cika da tebura: taliya mai cuku, shinkafa naɗe cikin ganyen inabi, burodi mai faɗin faifai, kowane kwano da 'yar tutarsa. Kaka ta bi su ɗai-ɗai tana dogara sanda, ba ta ga nasu ba. Can ta hango jikarta bayan ƙofa, kusa da tsintsiya da bokiti, tana gadin kwano, idanu jajir.

"Wa ya kawo ki nan?"

"Shugabar makaranta ce, Kaka. Wai yana wari, zai dami manyan baƙi."

Ran Kaka ya ɓaci. Ta miƙa wa yarinyar sandar, ta ɗauki kwanon da hannu biyu, ta ratsa mutane ta dire shi a tsakiyar babban tebur.

Shugabar ta taho da sauri. "Haba Mama, ai don tsari ne..."

"Tsari? Shi wancan cukun da ya yi kore, turare yake yi? Kun ce abincin duniya. Uwar yarinyar nan daga wata duniyar ta faɗo? Abincin iyayenta ne kika haɗa da tsintsiya!"

Kaka ta ɗebi cokali cike ta kai baki. Barkonon ya shaƙe ta har da hawaye, ta ƙi karɓar ruwa, ta ƙara na biyu. Wasu iyayen suka matso suka ɗanɗana, wasu suka kau da kai. Shugabar ba ta ba da haƙuri ba, amma ba ta sake taɓa kwanon ba.

A mota Kaka na ta faɗa ita kaɗai. Surukar ta ce a hankali, "Mama, ashe kina cinsa?"

"Ban iya ba, 'yar nan, harshena har yanzu wuta yake. Amma wannan zancen cikin gida ne. Ba mai wulaƙanta min ku a waje ina raye."