Tsohon Fulas a Allon Silima

Sista ba ta so zuwa ba. Tun ƙarfe bakwai na safe take tsaye a tagar ba da magani ta asibiti, ƙafafunta sun kumbura, burinta kawai ta kai gida ta tsoma su a ruwan ɗumi. Amma mijinta ya shekara biyu yana rubuta fim ɗin nan, yau kuma da ƙarfe huɗu za a fara haska shi ga 'yan jarida da iyalan ma'aikata. Dole ta canja kaya a ɗakin hutu, ta tari tasi.

An ajiye mata kujera a layi na biyu, kusa da ƙanwar mijin, wadda tun kafin a kashe fitila take washe baki.

"Anti, yau sai kin riƙe ciki. Yaya ya ce duk matar da ta kalla sai ta ga kanta."

Labarin wasu abokai uku ne da suka rasa gane kan mata, suka kama ɗaki, suka kafa allo, suna haɗuwa duk Asabar don nazari. Ɗaya budurwarsa ta ce masa "ba komai", suka kwana uku suna fassara kalmar. Sista ta murmusa. Ba laifi, yaran sun iya wasa.

Sai aka nuno kicin. Ɗaya daga cikin abokan, wanda ke da aure, ya ɗauki wani tsohon fulas ja, mai lotsattsen gefe, wanda aka ɗaure hannunsa da waya, ya jefa a shara, ya ajiye sabo mai ƙyalli a wurinsa. Matar ta shigo, ta duba kanta, ta duba ƙasa, ta zube a tsakar kicin tana rusa kuka.

"Ai ba shayi nake zubawa a ciki ba!" in ji matar.

Zauren ya ɗauki dariya. A allon, mijin ya juyo ya kalli 'yan kallo, ya buɗe hannuwa. Sai ga abokan uku sun zana fulas a allonsu, sun rubuta a ƙasa: idan ka saya mata sabo, ka yi laifi.

Nan take Sista ta gane fulas ɗinta ne. Jan launin, lotsawar, har wayar da aka ɗaure hannun, babu abin da mijinta ya bari. Maganar ma tata ce, ko harafi bai canja ba. Ƙanwar mijinta tana bubbuga mata cinya, hawayen dariya na zuba.

"Wallahi akwai irinsu, Anti! Mace ta yi ta kuka a kan gwangwani!"

Sista ta ɗauke hannun daga cinyarta a hankali, ta mayar wa mai shi.

Da aka kunna fitilu, mai gabatarwa ya kira mijin Sista kan dandamali. Ya hau yana gyara hula, fuska fal annuri. Wata 'yar jarida ta tambaye shi inda ya samo wurin fulas ɗin, don shi ya fi kashe ta da dariya.

"A gida na samo shi," ya ce, yana nuno layi na biyu. "Ga malamar tawa can. Shekara goma sha ɗaya ina karatu a wurinta, har yau ban ci jarrabawa ba."

Aka yi tafi. Kafin ta ankara mai gabatarwa ya sauko, ya miƙa mata makirufo.

"Hajiya, taimaka wa maza. Mene ne sirrin?"

Ta miƙe. Ta yi niyyar ta ce babu komai ta zauna, sai ta tuna yadda aka yi da kalmar a fim ɗin.

"Fulas ɗin na mahaifiyata ne," ta ce. "Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. Ba ta iya riƙe kofi, a murfinsa nake ba ta ruwa. Shi ne abu na ƙarshe da ta sa a bakinta."

Wani a baya ya saki ragowar dariya, ya haɗiye ta da tari.

"Ni aikina ba da magani ne. Kowa ya zo tagata sai na tambaye shi ina ke ciwo, tun yaushe. Ku kuwa awa biyu muna kallon ƙarti uku suna zane a allo, ko ɗaya bai buɗi baki ya tambayi matar me ya same ta ba. Sirrin ke nan, in sirri kuke nema."

Ta mayar da makirufon, ta ɗauki jakarta ta fita.

A wurin ajiye motoci ya cim mata, yana haki.

"Maman yara, don girman Allah tsaya. Ban sani ba. Lokacin jinyar Inna ina wurin ɗaukar wancan fim ɗin, kin sani. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na fara faɗa!" Muryarta ta sa mai gadin wurin ya waiwayo. "Ina zaune a ƙasa ina kuka, na ce maka ba shayi nake zubawa a ciki ba. Me ka ce? Ka ce, tsaya, maimaita wannan. Ka zaro waya kana rubutawa. Ina kuka kana rubutu!"

Ta ga alamar ya tuna, wannan ma ya ƙara tunzura ta.

"Kuma ka nuna ni da yatsa a gaban mutane, wai malamarka."

"Zan sa a cire wurin."

"Kai da su. Buɗe mini mota, ƙafata ciwo take."

Washegari ya je wurin darakta, ya dawo jiki a sanyaye. Darakta ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai taɓa wurin ba, har an sa shi a talla. Haka fim ɗin ya fita, ya kuma karɓu. Sati bai zagayo ba sai da Sista ta ji wasu samari a layin magani suna kwaikwayon kukan matar suna shewa. Ta ba su maganinsu, ta faɗa musu yadda za su sha, ta rufe tagar minti biyar ta zauna a bayan kwalaye.

A gida gaisuwa kawai ke haɗa su. Ƙanwar mijin ta turo saƙon ban haƙuri har uku, na ukun da hoton fuska mai hawaye. Sista ta amsa da kalma ɗaya.

Ranar Lahadi da hantsi tana ninke kayan makarantar yara a falo, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Ina so in yi tambaya."

"Ta fim?"

"A'a. Inna. Wace irin mace ce kafin in san ta? Ni dai na san ta da carbi da tabarau."

Sista ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Shekara ashirin da biyu tana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Da kuɗin aikin ta ɗauki nauyin karatunmu mu biyar."

"Inna? A tasha?"

"Duk shekarun nan kana durƙusa mata kana gaishe ta, ba ka san aikin da ta yi ba?" Ta ja dogon tsaki, ta ture tulin kayan gefe guda, ta buɗe masa wuri a kan kujera. "Zauna. Kuma kada ka katse ni, don ban huce ba."

Ya zauna. Ta fara daga shekarar da mahaifinsu ya rasu, Inna ta je tashar da takardar neman aiki sau shida kafin a ɗauke ta.