Ƙahon Kwarin Orrak

Torquil, mai mulkin Kwarin Orrak, yana riƙe da linzamin dokin sarki sa'ad da ya hangi wanda ke ɗauke da garkuwa a bayan sarkin. Saura kaɗan linzamin ya suɓuce masa.

"Ka gane shi kuwa?" in ji sarki yana dariya, yayyafi na ɗiga daga gemunsa. "Ɗan tsako ka ba ni, ga zakara na kawo maka."

Lachlan ne, ɗan Torquil tilo. Yana ɗan shekara bakwai sarki ya ɗauke shi jingina, bayan ya sa an sare kan yayan Torquil bisa zargin tawaye. Sharaɗin a fili yake: ran da uba ya ci amana, ɗa ne zai fara hawa igiya.

"Sannu da zuwa gida, ɗana."

"Yauwa, ranka ya daɗe," Lachlan ya amsa, kamar mai gaida baƙo a kasuwa.

Torquil ya bar baƙin suna cin gurasar sha'ir da cuku, ya zagaya wurin karnuka, inda ƙanensa Murdoch ke kwance musu sarƙa.

Shi da Murdoch sun daɗe da gama shirin halaka sarki. Tun asuba mutanen kwarin suka kewaye dutse, za su koro bareyi zuwa wani kwazazzabo, inda sarki zai tsaya ya yi harbin farko. A al'ada maigida ne ke hawa tudu ya busa ƙaho. Da jin ƙahon dakarun sarki za su bi karnuka, a bar shi daga shi sai mai garkuwarsa. Maharban Murdoch kuwa suna laɓe cikin ciyayi, an umarce su kada su bar kowa da numfashi a wurin.

"A fasa," in ji Torquil. "Lachlan ne mai garkuwar."

Murdoch ya tofar da yawu. "A fasa? Yaya, yau ka sha giya da safe ne? Mutum nawa suka san zancen nan? Kafin Lahadi wani zai kai shi fada. Wa za a fara rataya, ni ko ɗan naka?"

"To ka ce su bar yaron."

"Kibiya ta san ɗan wani ne? Kira shi gefe mana. Ba kai ka haife shi ba?"

Torquil ya sami Lachlan a bakin ƙofa yana goge garkuwa.

"Uwarka na saman bene, ciwon ƙafa ya hana ta saukowa. Tun da aka tafi da kai take ajiye maka wuri a teburi. Je ka wuni da ita, farauta ba ta ƙarewa."

"In an dawo zan gaishe ta."

"Ni ne ubanka, nake ce maka ka je."

Lachlan ya ɗago kai. Babu fushi a idonsa, abin da ya fi yi wa Torquil ciwo ke nan.

"Wanda ya rene ni shi ya ɗora ni a doki, shi ya kwana a kaina da na yi ƙyanda. Na sa hannuna cikin nasa na rantse. Inda ya tsaya nan zan tsaya. Kai ma ai ka san haka ake yi."

Ya sani kuwa. A ƙasar nan ɗan reno ya fi ɗan ciki riƙon amana, shi ma da haka ya tashi. Ya dai ɗauka jininsa zai fita daban.

Rana ta ɗaga suka isa kwazazzabon. Ana jin ihun masu koro can nesa. Sarki ya sauka, ya gwada tsirkiyar bakansa.

"Hau tudu mana, tsoho. Ko gwiwa ce?"

Torquil ya ciro ƙahon daga wuyansa, ya durƙusa cikin taɓo.

"Gwiwa ce, ranka ya daɗe, ga numfashi ya ƙare. Alfarma nake roƙo. Magajina ya busa yau, mutanen kwari su ji muryar wanda zai gaje ni. Ni in riƙe maka garkuwa."

"Ranka ya daɗe, wurina…" Lachlan ya fara.

"Wuce ka busa, kai kuma," sarki ya katse shi, ya ɗan mare shi a ƙeya da wasa. "Ubanka na so ya yi taƙama da kai. In ka yi mana kukan ɗan maraƙi, da ƙafa za ka koma fada."

Lachlan ya miƙa garkuwar, ya karɓi ƙahon. Yatsunsu suka haɗu. Torquil ya so ya faɗi wani abu, saurayin ya riga ya juya.

Torquil ya bi shi da ido har ya kai ƙwanƙolin tudu, inda kibiya ba ta kaiwa. In aka tsinci gawar uba kusa da ta sarki, ba mai zargin gidansa. Lachlan zai gaji kwari da suna mai tsabta, ba zai taɓa sanin abin da ya busa ba.

Ƙaho ya tashi, dogo, ba rawar murya. Karnuka suka ɓarke, dakaru suka bi su a guje.

"Ka ji yarona!" in ji sarki.

"Na ji shi," in ji Torquil.

Ciyayin gefen kwazazzabo suka motsa. Ya matsa har kafaɗarsa ta taɓa ta sarki, sannan ya sauke garkuwar ƙasa a hankali.