'Yar Rakiya

"Koma ki sake shigowa," in ji Kawu. "Ba a turo ƙofar ofis kamar an biyo ɓarawo."

Shalele ta ƙyalƙyale da dariya, ta fita ta ja ƙofar falon. Ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta jira sai da aka ce ta shigo, sannan ta shigo da sallama, rungume da takardunta. Kawu yana zaune a bayan keken ɗinkin yayarsa, wanda aka lulluɓe da zani aka mayar da shi teburin manaja, ya sauko da tabarau kan karan hanci ya haɗe rai. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga takardu a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin sabulu, don haka ya san abin da ke kayar da mai neman aiki tun kafin ya buɗe baki. Ya ce mata kada ta zauna sai an nuna mata kujera, kada kuma ta ɗora jaka a kan teburin mutane. In aka ce ta ba da labarin kanta, ba tarihin kakanni ake nema ba. Ta faɗi abin da ta karanta, da abin da hannunta ya iya, da abin da za ta ƙara wa kamfanin. In ba ta san amsa ba ta ce ba ta sani ba, amma ga yadda za ta nemo. In an ce ko tana da tambaya, to ta tabbata tana da ita, kuma don Allah kada ta soma da maganar albashi.

Yaya tana gefe tana ɗinka maɓallin riga, baki har kunne. Shekara huɗu ke nan da 'yarta ta gama karatun kimiyyar sinadarai, shekara huɗu tana kallon ta tana fita da ambulan tana dawowa da ƙafafu a kumbure. Yau ga ƙaninta, wanda ta goya a bayanta, ya sa sunan yarinyar cikin mutum uku da za a gana da su ranar Talata a kan aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ta roƙe shi ya yafe mata duk gorin da ta yi masa, duk lokutan da ta ce yana cikin kamfani amma ko tsintsiya ya kasa sama wa 'yar 'yar'uwarsa.

Kawu ya ce babu komai, ai ya wuce. Shayin da aka ajiye masa ya huce bai ko taɓa shi ba. A duk falon nan shi kaɗai ya san an riga an ba da aikin.

* * *

Sati biyu kafin nan Manaja ya kira shi ofis, ya ce ya rufo ƙofa. Gurbin ɗakin gwaje-gwajen nan na ƙanin matarsa ne, magana ta ƙare. Sai dai dokar babban ofis ta ce ba a ɗaukar kowa sai an gana da mutum uku, kuma za su aiko wakiliya ta zauna ta gani da idonta.

"Ka samo mini mutum biyu masu takardu masu kyau," in ji Manaja. "Waɗanda za su zo, ka ji ko? In ɗaya ya fasa, wakiliyar nan rushe komai za ta yi, a sake tallata aikin a jarida. Ni kuma ba na son in tuna cewa ritayarka saura shekara biyu."

Wannan ba sabon abu ba ne ga Kawu. A ofis 'yan rakiya ake ce musu. Hannu kawai yake sa wa cikin tarin ambulan ɗin da ke ƙarƙashin teburinsa ya zaro biyu, ya buga musu waya da muryar girma, su zo cikin wankakkun kaya su amsa tambayoyi su koma. Bai taɓa riƙe fuskar ko ɗaya ba. To wannan karon me ya hau kansa? Ya gaya wa kansa wai yarinyar za ta goge, za ta san yadda ake zama gaban manya, sunanta kuma zai shiga fayil ko nan gaba a tuna da ita. Ƙarya yake yi wa kansa, kuma ya sani. Gajiya ya yi da irin kallon da Yaya ke yi masa, yana so ko sau ɗaya ya shiga gidan nan a matsayin mutumin da ya iya wani abu.

Ya yi niyyar jan Shalele gefe ya gaya mata gaskiya. Amma yana miƙa takardar gayyatar Yaya ta fashe da kuka, kafin ya zauna ta buga wa dangi uku waya. Ya fasa faɗa, kullum kuma sai ya ce gobe.

* * *

Ranar Litinin da yamma ya biya ya ga ko an goge kayan da za ta sa. Ya tarar da Shalele a bakin ƙofa da waya a hannu, fuskarta ba walwala. Ta ce shugabar wata ƙaramar makaranta ce ta kira ta. Malamar kimiyyarsu ta bar aiki ba zato, suna so ta zo gobe ƙarfe tara ta koyar da darasi ɗaya a gabansu, in ya yi ta kama aji a ranar. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma aiki ne, kuma ana iya zuwa da ƙafa daga gida. Ganawar kamfani ita ma ƙarfe tara ce.

"Kawu, wanne zan je?"

Ya tambaye ta ita me ta gani. Ta ce ita ba ta ga komai ba, shi ne a ciki, abin da ya ce shi za ta bi.

Wallahi a lokacin bakinsa ya buɗe don ya ce ta tafi makarantar. Kalma huɗu ce ko biyar. Sai ya hango kujera ɗaya babu kowa a ɗakin ganawa, ya hango wakiliya tana rufe fayil, ya hango idon Manaja. Ya tuna shekara biyun nan. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, irin wanda dattijo mai furfura ke jin kunyar a gan shi da shi.

"Ki kira ta ki ba ta haƙuri," in ji shi. "Cikin ladabi. Ki gode mata da ta tuna da ke, ki roƙa ko za a ɗaga zuwa Laraba."

A gabansa ta kira, ta yi yadda ya ce, babu inda ta kuskure. Shugabar ta ce yara ba za su zauna ba malami ba, akwai wata da ke jira. Shalele ta kashe wayar ta yi masa murmushi, wai don kada ya damu.

* * *

Shi ne mai rubuta abin da aka faɗa a ɗakin ganawa, don haka a kan idonsa aka yi komai. Ƙanin matar Manaja ya shigo yana taunar cingam, aka tambaye shi yadda ake gwada ƙarfin sinadari a sabulu, ya ce ai wannan a kan aiki ake koyo. Na biyu, wani saurayi da ya taso tun asuba daga nesa, ya yi ta goge zufa da hannun riga. Sai Shalele. Ta tsaya har aka nuna mata kujera. Ta yi bayanin gwajin tiryan-tiryan, har ta faɗi kuskuren da aka fi yi a cikinsa. Da aka zo ƙarshe ta tambayi sau nawa ake duba sahihancin na'urorin ɗakin, injiniyan kamfanin ya yi ta gyara zama. Wakiliyar babban ofis ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu mai tsawo. Kawu bai ɗaga ido daga takarda ba.

Wakiliya ta ba ta maki mafi yawa. Manaja da injiniya suka ba nasu mutumin, kuma su biyu ne. Bayan an watse Manaja ya tsaya a kan teburin Kawu yana sakace haƙori.

"Yarinyar nan ta kusa ɓata mana lissafi. A ina ka samo ta?"

"A cikin tarin takardu, ranka ya daɗe."

Haka ya faɗa, da bakinsa, a kan 'yar da aka haifa a gabansa. Da hannunsa kuma ya buga mata wasiƙar ban haƙuri, wadda ya buga wa ɗaruruwa har ya haddace ta, ya kai aka sa hannu, ya buga hatimi. Ranar Alhamis da ya tashi aiki ya bi ta makarantar nan, wai ko zai roƙi arziki. Shugabar ta karɓe shi da mutunci, ta ce ai sabuwar malama ta kama aiki tun shekaranjiya.

* * *

Ya so ya aika wasiƙar ta hannun masinja, sai ya ga rashin kunyar ta yi yawa. Ya kai da kansa. Shalele ta karanta a tsaye, ta ninke, ta miƙa wa uwarta. Yaya ba ta buɗe ba, fuskar 'yarta ta ishe ta labari. Ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta ce shi dai ya yi iya yinsa, babu wanda zai ce bai yi ba.

Da kuka yarinyar ta yi, da ya fi masa sauƙi. Amma sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ce tunda yana ɗakin ya ga komai, ya gaya mata inda ta yi kuskure. Ta ce kwana biyu tana bin amsoshinta ɗaya bayan ɗaya ta kasa gano wajen. Kada ya ji tausayinta, ya faɗa mata ko da ba daɗi, don kada ta sake maimaitawa a wani wurin.

Kawu ya dubi ƙasa. Ga gaskiyar nan a bakinsa, kuma babu Manaja a falon, babu wakiliya, sai yayarsa da 'yarta suna jiran sa. Ya nemi ƙarfin halin ya rasa.

"Kin ɗan yi saurin magana," in ji shi.

Yaya ta tafa hannu. Ta ce ai ta sha faɗa, bakin nan kamar ana koro shi, tun tana ƙarama haka take, ga shi yau ya ja mata asarar aiki biyu a rana ɗaya. Shalele ba ta musa ba. Ta sunkuyar da kai tana gyaɗawa, kamar wadda aka sauke wa kaya, tunda yanzu ta san laifinta ne.

Ya miƙe ya ce zai wuce. Ta rako shi bakin ƙofa, ta durƙusa ta juya masa takalmansa.

"Na gode, Kawu. Zan gyara."

A hankali ta faɗa, tana raba kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ƙafa a takalmin ya fita.