Cokali a Cikin Bokiti

Ni Arzika ɗan dako ne a tashar iyaka ta Jibiya, ina loda masara a manyan motocin da ke wucewa Maraɗi. Amma idan mutum ya faɗa ruwa ni ake kira, domin tun ina ƙarami nake nitso. Gawa bakwai na fitar daga gulbinmu. Ta takwas ce ta gagare ni, kuma ta yayana Kalilu ce, wanda ruwan damina ya kwashe shi da babur ɗinsa wajen tsallakewa. Kwana uku ina shiga ina fita, har kunnena ya fara jini. Ban same shi ba.

Matarsa Ma'u godiya kawai ta yi mini a lokacin. Ta gama takaba, ta koma sana'arta ta kitso, kuma daga nan abin ya lalace.

Akwai Filibus, mai shagon wasan talabijin a bakin tasha. Da masu kula da shari'a suka sa aka rufe shagon saboda matasa na makara salla, sai ya kwashe na'urarsa ya kai gida. Ma'u ta je yi wa matarsa Laraba kitso, ta zauna sa'a biyu yana buga wani wasa a gabanta. Tun daga ranar ta daina amsa gaisuwata. Da na matsa mata, sai ta ce:

"Na ga ƙarƙashin ruwa da idona. Komi tas ake gani, har cokali. Kai kuwa mutum guda da babur, ka ce ba ka gane shi ba. Ba ka neme shi ba dai."

Ta ce da an yi dogon hutun makaranta za ta kwashe 'ya'yansa ta koma wurin danginta a Maraɗi, kuma idan sun girma za su ji wanda ya bar ubansu a ruwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tafi gidan Filibus na ce ya kunna mini abin nan. A cikin wasan, wai duniya ce ta tashi, ruwa ya cinye birni, wani ƙato yana yawo shi kaɗai. Ya tsunduma da takalminsa da bindigarsa da jaka a baya, bai nutse ba. Ruwan garau, shuɗi, har da hasken rana a ƙasa. Yana shiga ɗaki, yana buɗe akwati, yana laluba aljihun gawa yana kwasar harsashi, ko kunya babu. Wata kibiya tana nuna masa hanya. A saman allon akwai wani ɗan layi, wai shi ne numfashinsa. Idan ya kusa ƙarewa sai ya leƙo sama, nan take ya cika. Da Filibus ya yi sake mutumin ya mutu, sai ga shi a bakin gaɓa a bushe, zai sake gwadawa.

Wallahi duk wanda ya tsara wannan abu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Yana zaune a ɗaki mai sanyi ya zana ƙarya, ƙaryar ta ƙetaro teku ta zo ta zubar mini da mutunci a gidan ɗan'uwana.

Filibus ya ji nauyi, mutumin kirki ne. Ya tura Laraba ta bayyana wa Ma'u cewa zane ne kawai. Ma'u ta ce mutanen da suka ƙera jirgin sama ba za su yi ƙarya a kan ruwa ba.

Rani ne, gulbin ya ƙafe sai yashi, ba ni da abin nuna mata. Haka na haɗiye fushina wata shida, ina loda buhu ina zagin ƙaton nan a zuci.

Saura mako guda hutu gulbi ya kawo. Na ɗebo bokiti guda daga daidai inda Kalilu ya faɗa, ruwan ja wur da laka da tarkacen kara. Na iske Ma'u tana ɗaure kaya. Na ajiye bokitin a gabanta, na ɗauki cokalinta na jefa ciki.

"Ɗauko shi. Amma ki gane shi tukuna."

Ta leƙa, ta karkata bokitin wajen rana, ta sake leƙawa. Sannan ta sa hannu, hannun ya ɓace tun daga wuyansa. Ta yi ta laluba.

"Haka na neme shi," na ce. "Kwana uku."

Na ji ƙarar cokalin a jikin bokiti, na san ta kama shi, amma ba ta fitar da hannun ba. Ba ta kuma dube ni ba.

"Arzika," ta ce, "can ƙasa ma haka sanyin yake?"

Na ce mata ya fi haka.