Kwana Bakwai a Bakin Rijiya

Da baƙin hannu aka binne mahaifin Gwadabe. Masu wanka sun cuɗa, sun sake cuɗawa, shuni ya ƙi fita. Abin da ya bari rijiyar rini ce guda a karofin Rano, da muciyar motsa ta.

Shekara biyu rijiyar tana rufe. A cikinsu Gwadabe ya yi facin keke, ya sayar da kananzir, ya dafa shayi a tasha. Kowace sana'a wata uku take yi a hannunsa, sai ya hango wata. Da kakar shekarar da aka ba Arewa mulkin kai, Malam Ramalan, Sarkin Karofi, ya sa aka kira shi. Ya ce rijiya ba ta shekara uku a bushe. Ko ya haɗa baban rini bana, ko a ba Mato, wanda ya tsufa yana rini a rijiyar aro.

Gwadabe ya rantse a gaban marina. Ya sayar da buta da teburin shayi, ya sayi baba da toka, ya haɗa. Saura abu ɗaya: kwana bakwai ana motsawa, safe da yamma, ba fashi. Ya ja layi bakwai da gawayi a bangon zaure, kullum da yamma ya goge ɗaya. Rana ta uku kumfa ta fara tasowa, mai ƙyalli kamar wuyan tantabara.

Rana ta huɗu da hantsi Shitu, abokinsa tun elementare, ya zo a kan sabon keke. Wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya ba shi sikelin awon gyaɗa a Kibiya, yana neman mai karanta masa lamba. Yini ɗaya kawai, in ji shi.

"Kai da ka yi aji huɗu, a dama ruwan wari za ka ƙare? Ko auren rijiyar aka ɗaura maka?"

Iya, mahaifiyar Gwadabe, tana jin su daga bayan zaure.

"Gwadabe, ba a tauna taura biyu."

Ya ce kafin la'asar ya dawo. Bai gaya wa kowa a karofi ba, kunyar rantsuwarsa ta hana shi. Kuma ba mai sa muciya a rijiyar wani sai an roƙe shi.

A Kibiya jakuna suka yi ta sauke gyaɗa. Babbar motar da za ta kwashe ba ta zo ba. Shitu ya roƙe shi don Allah kada ya bar shi shi kaɗai da buhunan mutane. Yini ya zama kwana uku. Kowace safiya Gwadabe yakan dubi hanyar Rano, ya ce wa kansa baba ai ba jariri ba ne.

Da ya dawo bai biya gida ba. Ya ɗaga murfin rijiyar. Babu kumfa. Ruwa ne toka-toka, a kwance, yana ɗoyi. Ya ɗauki muciya ya yi ta motsawa har rigarsa ta jiƙe. Marina suka ci gaba da aikinsu, ba wanda ya ɗaga kai.

Malam Ramalan ya taso a hankali. Ya tsoma farin ƙyalle, ya ciro, ya riƙe shi a iska. Baba mai rai kore yake fitowa, sannan ya rikiɗa ya zama shuni. Suka jira. Ƙyallen yana nan kamar an goge tukunya da shi.

"Kwana nawa?"

"Uku, Malam."

"Ranar da aka haife ka, sai da ubanka ya motsa ta sannan ya je ganinka."

Abin da Gwadabe ya samo a Kibiya ba zai sayi rabin wani baban ba, kuma ba shi da sauran abin sayarwa. Malam Ramalan ya kira Mato. Mato ya zo yana kallon ƙasa, ya tambaya da ƙaramar murya ko har da muciyar. Gwadabe ya miƙa masa.

A zaure layi huɗu suna nan a bango. Ya zauna a ƙarƙashinsu. Iya ta kawo tuwo da ruwan wanke hannu a buta. Ta zuba masa ruwan da kanta. Zubi ɗaya, dauɗar rijiyar ta fita tas.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunsa. Sannan ta ɗauki butar ta shiga ciki.