Suna a Kan Salatif

Shekara tara Lavelle Truitt ya yi yana tsayawa a bayan layin masu tsaro a wasan ƙwallon ƙafar Amurka yana kayar da ƙatti, amma da gwiwarsa ta fara ciwo, ƙungiyarsa ta sallame shi kamar ba ta taɓa saninsa ba. Ya daɗe a gida, waya ko tari ba ta yi. Kwatsam sai ga kira daga wata ƙungiya, wai ya zo gobe-goben nan. Matarsa Odessa har da rawa a kicin. Shi kuwa da ya ji da tsohuwar ƙungiyarsa za a kara ranar Lahadi, sai jikinsa ya yi sanyi.

Likita ya taɓa gwiwar sama-sama, ya ce garau take. Garau a ina? Kowane ɗan wasa sunansa na rubuce a ƙarfe a kan ma'ajiyar kayansa, nasa kuwa a salatif aka rubuta, wani mai kauri haka. Koci Brandvold ya ja shi ofis, ya ajiye masa gasasshen haƙarƙari, ya yi ta zuba masa yabo, amma ko sau ɗaya bai ce ya fita fili ya ga gudunsa ba. Tambayarsa ɗaya ce: in kyaftin ɗin tsaron tsohuwar ƙungiyarsa ya dafa kwalkwali, ta wane gefe za su afko?

Lavelle ba yaro ba ne. Ya san in ya zazzage abin da ke kansa, amfaninsa ya ƙare, sana'ar ma ta ƙare. Sai ya riƙa ba su kaɗan-kaɗan, ya riƙe babbar alamar har Asabar.

"Koci, tsakani da Allah, gwiwata kuka ɗauka ko bakina?"

"Haba ɗana, kai namu ne har ƙarshen kakar wasa."

Ya so ya yarda, shi ne ya faɗa masa babbar alamar.

Ranar Lahadi a benci ya wuni, yana kallo ana ragargazar tsoffin abokansa da sirrin da ya bayar. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Litinin da safe ya hango salatif na nan, har ya yi ajiyar zuciya. Da ya matso, sai ya ga sabo ne aka manna a kan nasa, da sunan wani da ƙungiyar da za a kara da ita mako mai zuwa ta sallama. Ya sa farce ya ɗaga gefen. A ƙarƙashin sunansa ma akwai wasu sunayen.