Tsinkayen Gora na Baba

Ƴar gudumar Baba, kanta bai fi babban yatsa girma ba, ƙotarta kuwa ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo. Kowace safiya ita yake fara lalubowa, tun kafin ya rataye rigarsa a ƙusa. Sai ya ja kujerarsa gaban injin da aka gama naɗa wa waya jiya, ya karkatar da kai kamar mai sauraron magana a bayan ƙofa, ya shiga ƙwanƙwasawa a hankali.

Cikin kowane inji akwai ramuka dogaye a jere, sun kewaye shi kamar haƙoran mataji. A cikinsu ake kwantar da wayar tagulla da aka naɗe, bayan an shimfiɗa mata takarda mai tauri. Daga nan sai a cusa tsinken gora a bakin ramin ya danne ta. Idan tsinken ya kama, wayar ba ta motsi komai gudun injin. Idan ya yi sako-sako, sai ta riƙa rawa kaɗan-kaɗan tana goge jikinta da ƙarfe, har wata rana a ji ƙauri. Tsinken da ya kama, ƙararsa a tsaye take. Wanda bai kama ba, sai ka ji kamar an buga fankon ashana.

Baba ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya har ya kewayo inda ya fara. Ya ɗago kai.

"Ya zauna," in ji shi.

Auta, ƙaramin ɗansa, yana gefe yana warware waya. Ya ce, "Madalla, Baba." Bai ɗago ba.

Mai walda na shagon da ke jikin nasu ya leƙo, baƙin tabarau a goshi. "Tsoho, yau ma likitan ya gama duba mara lafiya?"

"Na gama. Kai ne dai har yanzu ba a samo maganinka ba." Baba ya miƙa masa hannunsa na dama, yana rawa kamar ganye. "Kalli nan. Cokali ma ƙin zama yake yi a hannun nan. Amma ba shi wuƙa da gora ka sha mamaki. Hannu ne da ya san gidansu."

Mai walda ya yi dariya ya koma. Auta ya ci gaba da warware wayar da ta riga ta warware.

Tun ciwon da ya kwantar da Baba a bara, hannunsa bai koma daidai ba, idonsa ma ya yi hazo. Da ya dawo shago, shi da kansa ya raba aikin. Ya ce, "Kai ka naɗa, ni zan danne." Haka kuwa aka yi. Auta ya naɗa waya ya kwantar, Baba ya fere gora ya cusa. Aikin farko da suka yi a haka shi ne injin mai niƙa na bakin kasuwa. Mutumin yana sauri, mata sun jera masa kwanuka, bai bari injin ya kwana an ƙwanƙwasa shi da safe ba. Banish ɗin da ake zuba wa waya na bushewa ya ɗora shi a baro ya tafi.

Ba a daɗe ba ya dawo da shi a baron nan, yana faɗa tun daga bakin titi. Auta ya kwance injin. Wayar ta yi baƙi ƙirin a gefe guda, ga tsinke ɗaya ya zame ya fito, ya ƙone rabi. Ya taɓa na kusa da shi da yatsa, shi ma ya motsa. Ya taɓa wani, haka.

"Me ka gani?" Baba ya tambaya daga kujerarsa.

Auta ya dunƙule ƙonannen tsinken a tafin hannunsa. Ya dubi mahaifinsa, wanda ya sha wahalar takowa daga gida da sanda don kawai ya zauna a wurin nan.

"Wuta ce ta yi masa yawa, Baba."

"Na faɗa! Mutanen lantarkin nan sai su kawo ta kamar suna fushi da mu."

Daga ranar ne abin ya fara. Da rana ta take, Baba yakan tafi gida ya sha magani ya kwanta, ba ya dawowa sai gobe. Yana ɓacewa a kwanar layi, sai Auta ya jawo injin, ya zare tsinkayen da tsohon ya yi safiya yana ferewa, ya fere nasa masu ɗan kauri ya cusa. Yana kwaikwayon yankan Baba, har ɗan karkacen da yake yi wa bakin tsinke. Na Baban kuwa ya kasa zubarwa. Sau ɗaya ya nufi bola da su, ya tsaya a hanya ya dawo. Sai ya samu wani tsohon gwangwanin fenti a ƙarƙashin benci yana tarawa a ciki, ya rufe da tsumma.

Da safe Baba ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ce ya zauna, ya yi wa mai walda kuri. Har abincinsa ya ƙaru, in ji Inna. Auta ya riƙa gaya wa kansa zai faɗa masa, amma sai ranar da tsohon ya tashi da ƙarfin jiki. Ranar da ya tashi da ƙarfin jikin kuma, sai ya ga ai bai kamata a ɓata ta ba.

Wata safiya mai walda ya shigo da sauri, yana yarfe hannu.

"Auta, ba ni gwangwani in zuba ruwa, nawa ya huje. Ƙarfe na jirana."

Auta yana can ƙuryar shago, hannunsa duka biyu cikin wani janareta. Kafin ya ce wani abu, mutumin ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo gwangwanin fentin, ya yar da tsumman, ya kife shi a ƙasa. Tsinkaye suka zubo suka watse har ƙafar Baba.

"Kai! Wa ke tara tsinken sakace haka? Tsoho, haƙora nawa suka rage maka da za ka yi wannan tanadi?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ɗaya. Bai kai shi kusa da ido ba. Ya bi shi da babban yatsa daga gindi zuwa baki, ya juya, ya sake bi. A jikinsa akwai gurbin da guduma ta taɓa bugawa, alamar ya taɓa shiga rami ya fito. Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku.

Mai walda ya dubi uban, ya dubi ɗan. Ya ajiye gwangwanin a hankali. "Bari in duba ko maƙwabta na da wani," ya ce, ya fice kamar wanda ya taka garwashi.

Baba ya juya wajen injin da ya gama ƙwanƙwasawa ɗazun nan. Ya sa farce ya shafa bakin tsinke ɗaya a ciki. Ya daɗe yana shafawa.

"Injin mai niƙa," ya ce. "Ba wuta ba ce."

"Baba..."

"Ba faɗa nake ba. Tambaya nake."

"Ba wuta ba ce, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya durƙusa ya fara kwashe tsinkayen yana mayarwa cikin gwangwanin, wasu na suɓucewa daga yatsunsa suna sake faɗuwa. Auta ya matso zai taya shi, Baba ya ɗaga masa hannu. Da ya gama, ya sa rigarsa, ya jefa ƴar gudumar a aljihu, ya rungumi gwangwanin a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Rana ko ɗagawa ba ta gama yi ba ya tafi gida.

Bai dawo washegari ba. Bai dawo ba har mako ya juyo.

A gida ba ya fushi. Idan Auta ya gaishe shi yana amsawa, har ya tambaye shi ya kasuwa, kamar yadda ake tambayar maƙwabci. Yakan wuni a ƙofar ɗakinsa a kan tabarma, rediyo a gefe, ko an kunna ko ba a kunna ba.

"Da ya zage ni da na fi jin daɗi," Auta ya ce wa Inna, tana wanke kwanuka a tsakar gida.

"Ubanka ne zai zage ka? Ai ka san shi. In abu ya yi masa ciwo, ladabi yake ƙarawa." Ta ɗauraye kwano ta kife. "Ni ma ina da nawa haushin. Ka bar shi yana dawowa gida yana cika mini baki, wai hannunsa ya fi na samari. Har ƙanwarsa ya gaya wa da ta zo. Yanzu da wane ido zai kalle ta?"

"Tausayinsa na ji, Inna."

"Na sani, ɗan nan. Shi ma ya sani. Abin da ke cin sa ke nan."

Auta ya yi ta juya maganar a ransa, har wata dabara ta zo masa. Akwai injin famfon ruwa da ya gama naɗawa. Ya fere tsinkayensa duka daidai, ya cusa. Sai ya zare ɗaya, ya ƙara kankare shi da wuƙa har ya yi siriri, ya mayar. Da yamma ya ari baro, ya ɗora injin, ya turo shi har tsakar gida.

Baba yana kan tabarmarsa. Ya ji ƙarar baron ya ɗago kai.

"Baba, wannan ya gagare ni. Ina jin akwai wanda bai kama ba, amma na kasa gane wanne ne. Kunnena bai kai ba."

Tsohon ya juya wajen baron. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo ƴar gudumar. Ashe a nan take kwana. Auta ya sauke injin a gabansa. Inna ta bar abin da take yi ta tsaya a bakin madafa.

Baba ya karkatar da kai. Ya buga na farko, na sama, inda hannu ya saba farawa. Fankon ashana. Bai tsaya ba. Ya bi sauran har ya kewayo, kowanne ƙararsa a tsaye. Ya dawo kan na farkon, ya sa yatsu biyu ya zare shi, bai ko sha wahala ba. Ya bi shi da babban yatsa.

"Ka kankare shi da kyau," ya ce. "Sumul. Kuskure ba ya fitowa da tsabta haka. Kuma ka sa shi a ramin farko don kada tsoho ya wahala wajen nema."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Zauna, Auta." Ya matsa masa a kan tabarmar. "Na san hannun nan ya gaji. Ina jin sa. Amma kullum da safe sai in buga, kunnena ya ce mini a'a, da sauranka. Ni kuwa kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, shi ya sa na yarda. Da ka bar su a ciki dare ɗaya kawai, da na zo na buga na ji da kaina. Da na yi dariya na ce, to, yaro, karɓi wuƙar. Da yanzu ina can ina riƙe maka bakin waya, ina zagin mai walda."

"Ai har yanzu za ka iya zuwa, Baba. Kujerarka na nan. Ka riƙa buga mini kawai."

"In na buga na ji ya kama, zan ce yaron nan ya iya. In na ji bai kama ba, zan ce ko don ni ya bari." Ya yi ɗan murmushi. "Ka ga aikin ya lalace ke nan."

Ya kamo hannun Auta, ya buɗe tafinsa, ya ɗora masa ƴar gudumar da siririn tsinken. Hannun nasa na rawa, amma ya rufe yatsun ɗan nasa a kansu ya riƙe na ɗan lokaci.

"Sauran duk sun fi nawa na da can ma. Je ka canza wannan kafin ka zuba banish. Mutane na jiran ruwa."

Da Auta ya juya baron zai fita, ya ga gwangwanin fentin a gefen murhu. Ya yi rabi. Inna ta bi idonsa da kallo, ta kau da kai.

"Shi ya ba ni," ta ce a hankali. "Ya ce busasshe ne, yana saurin kamawa."

Da safe Auta ya buɗe shago. Mai walda ya gaishe shi daga nesa, bai leƙo ba. Auta ya fere sabon tsinke, ya gwada, ya rage kaɗan, ya cusa shi a ramin farko har ya shige da ƙyar. Ya ɗauki ƴar gudumar. Ƙotar ta lotsa daidai yatsun wani, nasa ba su zauna a gurbin ba. Ya karkatar da kai, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya har ya kewayo inda ya fara.

Sannan ya juya ya dubi kujerar, ya ɗan jira.